Musayar Waƙa: Matashi da Yesu, Litinin zuwa Asabar

Malamin Makarantar Lahadi, Sabon Gari

Salama a gare ku 'yan'uwa. Batun wannan mako: yaro ko yarinya mai shekara 13 zuwa 19, Kirista a cikin Kano, yaya zai riƙe bangaskiyarsa daga Litinin zuwa Asabar? Ta Lahadi kowa ya iya. Babban amsa-amo "wa" ne, ƙwar kuwa, wato yawan layuka a kowane baiti, wadda ka ga dama. Ba ma son wa'azin sama-sama. A faɗi yadda ake yi da inda ake tuntuɓe.

Da sunan Uba na ɗau alƙalami,
Da Ɗa, da Ruhu mai ba da ilimi,
Ku matso matasa, ban zo da tsami,
Tambaya na kawo, ku zo da amsawa.

Ran Lahadi kowa da farar riga,
Kwaya na rerawa, ana dukan ganga,
Litinin na yi kuma sai a shiga
Wani hali dabam, mene ne ke sauyawa?

Ladanin unguwa ya kira assalatu,
Kai ma ka samu agogon karatu,
Minti 15 kacal sun wadatu,
Kafin 'yan garuwa su soma wucewa.

Biyar ka karanta, biyar ka yi tunani,
Biyar ka durƙusa gaban Masani,
Waya na caji, kar ka ce "bari in gani",
In ka taɓa ta, lokacin ya gama tserewa.

'Yar Kwaya, Badawa

Malam, ka ce a karanta, ba ka ce daga ina ba. Nan ake yin asarar yara.

Yaro ya ɗau Littafi da zafin nama,
Ya bi Farawa, Fitowa ma ya gama,
Littafin Firistoci ya sa shi hamma,
Kafin Maris ya rufe, ba ya komawa.

Ka fara da Markus, sura goma sha shida,
Mako biyu da kwana biyu ka gama shi a gida,
Sai Luka, sai Ayyukan Manzanni ka biɗa,
Labari ne, yana jan mai karantawa.

Sura 260 ke cikin Sabon Alkawari,
Ɗaya a yini, ba a son sauri,
In ka soma ran sabuwar shekara da wuri,
17 ga Satumba kana kammalawa.

Karin Magana kuwa bi kwanan wata,
Sura 31, kowace rana da tata,
In ka tsallake jiya kar ka ce ta ɓata,
Buɗe ta yau, ba bashi ba ne na ramawa.

Dattijon Ikilisiya

'Yata, kin yi daidai. Ƙari kaɗan: Littafin duka sura 1,189 ne a lissafin littattafai 66, na 'yan'uwanmu Katolika ya ɗara haka. Uku kowace rana, biyar ran Lahadi, shekara guda ta isa. Wanda Hausar juyin 1932 ta yi wa tsauri ya nemi na 1979. Ni makaranta zan shiga, da ƙwar biyu, numfashin tsoho ba ya kai huɗu.

WAEC in ta ƙarato akan zaga da takarda,
Kowa ya kawo nasa kuɗin "taimakawa".

Wai don mai tsaro ya kau da kai daga allo,
A rubuta amsa, aji duka na kwafewa.

Ka ce a'a tun ranar da aka soma jera suna,
In an shiga zaure ya yi latti ga janyewa.

Iyaye za ka fara gaya wa, don sau tari
Daga aljihunsu kuɗin yake fitowa.

Kada ka hau tebur ka yi wa aji wa'azi,
"Ni ba na yi" ta isa, bar zagi da kushewa.

Ga inda masu ƙi suke tuntuɓe, ku ji:
Sun ƙi sata, karatun ma ba sa taɓawa.

Sakamako ya fito da F9 a lissafi,
Sai a ɗora wa gaskiya laifin faɗuwa.

Tun dogon hutun SS2 nemi tambayoyin baya,
Na shekara 10, awa guda kullum kana warwarewa.

Sa agogo, rufe littafi, sannan ka amsa,
Ka buɗe ka ga inda kake kuskurewa.

Nemi mutum biyu da su ma suka ƙi satar,
Ko ɗan ƙungiyar ɗalibai Kirista, FCS, ko ta Musulmi, MSS, ku riƙa haɗuwa.

Hukuma in ta kama takan riƙe sakamako,
Ta haɗa cibiya guda, har da mai kaucewa.

Makarantar da ta yi suna da haka, in da hali,
A sauya maka wata kafin rajista ta kai ga rufewa.

Ɗan Birged, Nomansland

Baba, ka ambaci ɗan MSS, bari in ɗora daga nan.

Benci guda kuke da Musulmi a aji,
Wata rana zai ce, "Allah na da ɗa? Faɗi in ji!"
Kar ka zabura kamar ka taka maciji,
Bitrus na fari, 3:15, na koyarwa.

Amsa a shirye, da tawali'u da ladabi,
Faɗi abin da ka gaskata, bar masa nasa babi,
Kada bakinka ya taɓa Alƙur'ani ko Annabi,
A Kano wannan wuta ce mai wuyar kashewa.

In ba ka san amsa ba, ce "zan tambayo",
Kai wa fasto ko malamin da a gunsa ka koyo,
Kar ka ƙago aya don a ce kana da wayo,
Ƙarya ɗaya ta isa shaidarka rushewa.

A rukunin WhatsApp in gardama ta tashi,
Kar ka tura, kar ka yi sharhi a kanshi,
Hoton allo ba ya mutuwa, ana adana shi,
Ka goge a wayarka, a ta wasu yana yaɗuwa.

Watan azumi, ga rana ta take,
Abokinka tun sahur bakinsa rufe yake,
Ba dole ka yi ba, amma ruwan da ka riƙe,
Koma gefe ka sha, bar tsokanar mai ƙishirwa.

Ka ce "barka da shan ruwa" da magariba,
Kirsimeti in ta zo, kafin a dafa a raba,
Kazar a ba Musulmi ya yanka, ba faɗuwa ce ba,
Maƙwabci ya ci hankali kwance, ba mayarwa.

Mamar Zumunta

Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ni kasuwa da aljihu zan taɓa.

Yaron shago a Kwari ko a Singa,
Oga ya fita, ciniki ya shiga,
Nan bangaskiya ke bayyana ko ɓacewa.

Yadi in ka auna kar ka ja shi ya miƙe,
Mudun da aka bubbuge gindi kar ka riƙe,
Karin Magana 11:1 na tsawatarwa.

Oga ya ce dubu biyar, ka sayar dubu shida,
Dubun nan ta sama ba taka ba ce ka kai gida,
Gaya masa tukuna, shi ke da ikon kyautarwa.

An ba ka 2,000 na kashewa a mako,
200 ushiri ne, daban yake da baiko,
Ware shi ran da ya zo, kafin data ta gama cinyewa.

Kuɗin mota da na littafi amana ne,
Ba naka ba ne, na abin da aka aike ka ne,
Kar ka yanka ka ce wai Allah kake ba wa.

'Yan mata, mai mota ya tsaya ya ce ki shigo,
Yau kati, gobe waya, jibi agogo,
Kyautar da ake ɓoye wa uwa bashi ne mai dawowa.

Gwajin waƙa in ya kai bayan magariba,
Ku fito uku-uku, ba ke kaɗai ba,
Ki riƙe kuɗin adaidaitarki na komawa.

'Yar Kwaya, Badawa

Mama, na durƙusa, amma kullum mu ake ja wa kunne.

Na karɓa Mama, sai dai a duba samari,
Shagon cacar ƙwallo sun cika shi tun da wuri,
Da 100 ake somawa, a ce ai jari,
Ƙarshe kuɗin JAMB ake sakawa.

Cin farkon nan shi ne ƙugiya,
Wanda aka cinye yana bin ramuwa da zuciya,
Goge manhajar, canza hanya gaba ɗaya,
Kuɗin a ba uwa ta riƙa ajiyewa.

Ɗan Birged, Nomansland

Mun amsa, 'yar'uwa, ƙara da kwalba,
An hana kodin a 2018, ba ta ƙare ba,
A zuba a lemo a miƙo maka ba ka sani ba,
Lemon da aka buɗe a bayanka, sai mayarwa.

Mai Jita

Kun jera "kar ka" har kunnena ya gaji,
Yaron da ya riga ya faɗi, me zai ji?
Kunya ta kore shi daga coci da aji,
Wa ke bin sawunsa cikin masu rerawa?

Afisawa 2:8 ta ce ceto kyauta ne,
Ba ladan tashin asuba ko ushiri ba ne,
In ba ku faɗi wannan ba, duk aikin banza ne,
Kun ba shi kaya, ba ku ba shi abin ɗaukewa.

Dattijon Ikilisiya

Ɗana, ka kama mu. Ga abin da wanda ya faɗi zai yi, da abin da mu za mu bari.

Kira laifin da sunansa a gaban Allah,
"Na yi kuskure" lulluɓi ne na kaucewa.

Yohanna na fari, 1:9, ta yi alkawari:
Mai furta zunubi na samun gafartawa.

Sannan mutum ɗaya babba, mai riƙe baki,
Namiji ga namiji, mace ga mace 'yar'uwa.

Ɗan Katolika ya je gun Fada ya yi ikirari,
Kar ya jira Ista ta zo kafin tunawa.

Kuɗin oga in ka ci, hawaye ba sa biya,
Ko 500 ne duk mako, soma mayarwa.

Lahadin nan ka koma, ko bencin baya ne,
Mako uku in ka bari, ƙafa na ƙara nauyayawa.

Ku da kuka sani, Matiyu 18:15 ku bi,
Kai da shi kaɗai, ba a gaban jama'a ana nunawa.

Kar ku kai sunansa taron matasa "don addu'a",
Gulma ce ta sa rigar kwaya tana rausayawa.

Malamin Makarantar Lahadi, Sabon Gari

Baba, "nauyayawa" ɗin nan da ƙyar ta shiga ma'auni, amma furfura ta ci albarkaci. Akwai abin da ba wanda ya taɓa, kuma yaran shago suna ta tambaya. Ga ɗango uku, wanda ya san kan abin ya rufe da na huɗu ya ɗora.

Oga ba Kirista ba, shagonsa ba ya hutu,
Lahadi ya ce bakwai ka zo, kaya sun taru,
Sujada takwas ce, kuɗin makaranta a nan suke samu,