Neman shawara: yaya ake tsefe darasin kula da harkokin ma'aikata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, mun fara darasin kula da harkokin ma'aikata. Na haddace matakan: ɗaukar aiki, horarwa, auna ƙwazo, albashi, sallama. Amma malaminmu ya ce hadda ba ta wadatar ba, sai mun tsefe abin da idon basira. Don Allah ta ina zan fara?

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Duk tsarin da kika karanta, ki tambaya: wa ya ci riba, wa ya ɗauki nauyin, kuma wa aka tuntuɓa? A 1911 injiniyan Amurka Frederick Taylor ya koyar da a riƙa auna aikin lebura da agogo, shugabanni su yi tunani, ma'aikaci ya bi umarni. Binciken masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric a Amurka, daga 1924 zuwa 1932, ya jawo hankali ga zumuncin ma'aikata da kulawar shugabanni. A 1984 aka samu mazhaba biyu: ta malaman Jami'ar Michigan, mai ɗaukar ma'aikaci a matsayin kadarar da ake daidaitawa da burin kamfani, da ta malaman Jami'ar Harvard, mai sanya muradun ma'aikata da ƙungiyoyinsu da al'umma cikin lissafi. Kamfanoni da yawa bakinsu na Harvard ne, hannunsu na Michigan. A bango an rubuta "ma'aikatanmu ne jarinmu", a fayil kuwa yawancinsu kwantiragin wata shida ne. Wannan gibin za ki zaƙulo.

Wata jami'ar sashen ma'aikata: Ki haɗa da lissafi, ƙanwata. Don sanin yawan barin aiki, ki raba adadin waɗanda suka bar aiki a shekara da matsakaicin yawan ma'aikata, ki ninka sau 100. A misali, 30 cikin 200 kashi 15 ke nan. Kada ki tsaya nan. In yawancinsu sun tafi cikin watannin farko, matsalar tana wajen ɗauka ko koyar da sabon shiga. In daga sashe ɗaya suke zarewa, ki fara duba shugaban sashen. Wajen auna ƙwazo kuma, shugaba kan tuna abin da ya faru makonni kaɗan kafin cike fom ya manta da sauran shekara, ko ya ba kowa matsakaicin maki don gudun rigima. Maganinsa a riƙa rubuta bayani duk wata uku a kan ma'aunin da aka amince tun farko.

Wani jami'in ƙungiyar ƙwadago: Ki lura, yawancin littattafanku suna ɗauka cewa muradin mai kamfani da na ma'aikaci ɗaya ne. Tun 1966 Alan Fox, wani masanin dangantakar ƙwadago ɗan Birtaniya, ya bambanta wannan ra'ayi da na masu cewa saɓanin muradi abu ne na ɗabi'a. Jami'in ma'aikata dai kamfani ke biyan albashinsa, don haka in an kawo miki batun ƙorafi ko ladabtarwa, ki duba ko an ba ma'aikaci damar kare kansa, da wakili, da ɗaukaka ƙara.