Tsohon jirgin shira'i da aka sabunta a Ubhur: me zan duba kafin na biya?

Ɗan Hindawiyya:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai jirgin ruwa mai tafiya da iska, wanda ake kira jirgin shira'i, da aka sa a kasuwa a Ubhur, arewacin Jidda. Hallberg-Rassy ne, samfurin Rasmus 35, ƙirar 1975. Mai shi ya ce shekara uku da suka wuce aka sabunta shi kaf: sabon fenti, sababbin katifu, an kankare katakon daɓen sama, wato inda ake takawa a saman jirgin, an kuma cire tsohon inji an sa Yanmar da bai wuce awa 900 ba. Ya sa masa riyal dubu 165, wajen dala dubu 44 ke nan. Yanzu haka yana cikin ruwa, kuma tutar wata ƙasar Turai ce a kansa. So nake na riƙa fita da iyali ƙarshen mako, in hannu ya faɗa kuma a je Yanbu. A ido ya yi kyau ƙwarai. Masana, me zan duba, kuma daga ina zan fara?

Usta Mai Faiba:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duk abin da ka lissafa, ban da injin, kwalliya ce. Lafiyar jirgi irin wannan a ƙarƙashin ruwa take, don haka kada ka yi ciniki sai an ɗaga shi an ɗora a tudu.

Asalinsa mai kyau ne. A Suwidin aka ƙera su daga 1967 zuwa 1978, zanen Olle Enderlein, guda 760 aka yi. Tsawo mita 10.5, nauyi kusan tan 5.5, abin da yake nutsewa cikin ruwa mita 1.3 kacal. Faibar zamanin, wato haɗin zaren gilashi da ƙaro da aka ƙera jikin jirgin da shi, mai kauri ce. Amma kauri ba ya hana ta shan ruwa, musamman a Bahar Maliya inda ruwan ke da ɗumi duk shekara.

Da an fito da shi, a wanke gindin da ruwan daɗi mai ƙarfi, ka zagaya shi tun bai bushe ba, ka tsaya daga gefe inda haske ke kwanciya a jikinsa. Ƙuraje kake nema, kumburi kamar na ƙuna, daga girman ƙwayar wake zuwa girman tafin hannu. Ka sa tabarau ka huda ɗaya da tsinin wuƙa, domin ruwan yakan yi tsartuwa. In ya fito da warin ruwan khal, ruwan teku ya ratsa fatar waje ya narkar da ragowar sinadarin da bai daskare ba tun ranar ƙira. 'Yan ƙanana jefi-jefi ba sa nutsar da jirgi, ana rarake su a wanke a cike. In kuwa sun cika gindin, sai an fere fatar duka, a yi ta wankewa da ruwan daɗi, a bar shi makonni ko watanni ya bushe, sannan a shafa ifoksi, wani ƙaro mai hana ruwa shiga, sau biyar ko shida. Zafin Jidda kaɗai ba ya wannan aikin, domin sinadarin yana jawo laima daga iska, wanki ne ke fitar da shi. Sabon fenti kuma yana ɓoye duk wannan na ɗan lokaci, shi ya sa za ka tambayi mai shi abin da aka yi kafin fentin.

Sai ka ɗauki ƙaramar guduma mai kan roba ka bi jikin kana ƙwanƙwasawa, tazarar taƙi ɗaya-ɗaya. Wuri mai lafiya ƙara yake da kaifi, inda faiba ta rabu kuwa sai ka ji kamar ka bugi kwali. Ka daɗe a kan ƙashin ƙasa, wato dogon gindin da ke riƙe jirgi kada ya kife. A wannan samfurin ƙarfen nauyin a lulluɓe yake cikin faiba. In an taɓa dukan dutsen murjani da shi, ruwa na shiga ta tsagar, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya ƙara buɗe ta. Alamarsa jan ruwa da ke zirarowa daga ƙasan, ko wurin da ya ƙi bushewa kwana uku bayan ko'ina ya bushe.

Bawulolin da ke ratsa jikin jirgi, na inji da bayi da wurin wanke-wanke, kowanne ka buɗe ka rufe da hannunka. Ka kankare jikinsa kaɗan. Launin rawaya lafiya ne. In ya yi ja-ja kamar naman kifi, gishiri ya cinye tutiyar da ke ciki, saura ƙarfe mai ruɓewa kamar biskit, kuma ranar da ya karye ruwa ne zai shigo da kaurin tiyo. Kowane tiyo na ƙasa da layin ruwa ya kasance da maɗauri biyu.

Katakon daɓen sama shi ne ya fi damuna. Kalmar "an kankare" ba albishir ba ce. Irin wannan katakon yakan fara da kaurin milimita 12 ko kusa, kowace kankara tana ci, har kan sukuru ya fara leƙowa. Sukuru ɗaruruwa ne, kowanne rami ne zuwa cikin daɓen. Ka watsa ruwa da safe ka tsaya: inda ya daɗe da jiƙa a bakin layukan baƙin danƙo, nan yake shiga. Ka shiga ciki ka duba rufi da bayan durowoyi ko akwai tabon ruwa.

Baharin Sawakin:

Usta ya gama da ƙasa, bari na hau sama. Malam, tambaya ɗaya za ka yi wa mai shi: wace shekara aka canza wayoyin da ke riƙe da jigon shira'i, kuma ina rasit? Ƙa'idar da aka saba ita ce shekara goma, a ruwanmu kuwa ba a kai wa nan. Gishirin Bahar Maliya ya kai giram 40 a lita, na sauran tekuna wajen 35, ga zafi, ga ƙarancin ruwan sama da zai wanke ƙarfe. Wayar ba a tsakiya take tsinkewa ba, a bakin kan da aka matse na ƙasa take yi, inda ruwan gishiri ke kwanciya. Ka ɗauki madubin ƙara girma ka nemi tsaga siririya kamar gashi ko zare ɗaya da ya fita daga murɗin. Ƙarafan da wayoyin ke kamawa a jikin jirgi su ma a zare ko da biyu a gani. Ƙarfe mara tsatsa yana ruɓewa ne daidai inda iska ba ta kai masa, wato cikin kaurin daɓen, sama da ƙasa kuwa yana ta ƙyalli.

Shira'in, wato ƙyallen da iska ke turawa, a shimfiɗa shi a ƙasa. Ka karci ɗinkin da farce, in zaren ya tashi kamar gari, rana ta gama da shi.

Game da dacewarsa: ƙarancin nutsewarsa alheri ne a tsakanin shi'ab, wato duwatsun murjani da ke cikin ruwa, kuma mazaunin matuƙi a tsakiya yake da gilashi a gaba, yara ba sa jiƙa. Amma daga Jidda zuwa arewa iska kusan kullum daga arewa ko arewa maso yamma take, wato a goshinka, da raƙuman ruwa gajeru masu tsini. Rasmus ba gwanin kutsawa cikin iska ba ne. Yanbu kusan mil 170 ne na ruwa, yawancinsa da inji za ka yi shi, dawowa ce ta shira'i. Baya da baya kuma a marsa, wato matsayar jirage, ba ya jin magana sosai saboda dogon gindin, sai ka koya masa a fili tukuna.

Shiga shi'ab tsakanin hantsi da azahar ake yi, rana a sama ko a bayanka, mutum ɗaya a goshin jirgi da tabarau mai kashe ƙyalli. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa murjani ne. Sarƙar anga kada ta gaza mita 60, igiya zalla murjani yanka ta yake.

Ɗan Hindawiyya:

Allah Ya saka da alheri. Na kira shi. Ya ce wayoyin "lafiya lau suke" amma ba shi da rasit, kuma ba zai ɗaga jirgin ba sai na ba da kafin alƙalami. Hakan daidai ne?

Bakaniken Yanbu:

Daidai ne, haka ake yi, kuma kuɗin ɗagawa da na mai dubawa a kan mai saye suke. Abin lura shi ne a rubuta: kashi goma cikin ɗari, da sharaɗin za a mayar maka in dubawa ta nuna babban aibi. Mai dubawar kai za ka nemo shi, kada ka karɓi wanda mai jirgi ya kawo. Wayoyin da ba su da rasit ka ɗauke su tsofaffi, ka nemo farashin sababbi ka cire daga cinikin.

Injin kuma ka riga mai shi zuwa, ka dafa shi ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar. Mai lafiya cikin daƙiƙa kaɗan yake kamawa. Ka leƙa salansa: ruwa ya riƙa fita da ƙarfi tare da hayaƙin. Shuɗin hayaƙi baƙin mai yake ci, baƙi kuwa nauyi ya yi masa yawa, ko gindi da farfela sun yi datti, ko farfelar ba dai-dai da shi ba ce. Wannan na ƙarshen yana yawan faruwa in an canza inji aka bar tsohuwar farfela. Gwajinsa a fita, a ba shi wuta duka minti goma. In bai kai juyin da ke rubuce a jikinsa ba, ko allurar zafi ta yi ta hawa, akwai magana. Da bazara ruwan nan yana haura digiri 30, saboda haka ɗan gishirin da ya toshe bututun sanyaya inji, wanda a Turai ba za a ji shi ba, a nan sai ya tafasa shi. A buɗe famfon ruwan teku a ƙirga fukafukan robar, a kwance gwiwar salansa a duba ko ta cushe. A ɗebo dizal daga can ƙasan tanki a kwalba: baƙin kauri kamar majina na nufin ruwa ya zauna a ciki, kuma ranar da teku ta motsa shi zai toshe filta.

Takardu kuma kada ka bar su ƙarshe. Lambar jikin jirgi ta yi daidai da ta rajista, sunan mai sayarwa shi ne a kai, ya kuma kawo takardar soke rajistar ƙasar da tutarta ke kansa. Ka san matsayinsa a kwastan, domin harajin VAT a nan kashi 15 ne tun 2020, a kan wannan kuɗin ya haura riyal dubu 24. Kafin ka ba da ko halala, wato kwabon Saudiyya, ka je hukumar sufuri ka ji da sunan wa za a yi rajista da irin takardar zaman da kake da ita, domin masu tsaron iyaka, Haras al-Hudud, ba sa barin jirgi ya fita sai da cikakkun takardu.

Usta Mai Faiba:

Ƙari ɗaya kan katakon. In ya ƙare, kada ka sa sabo. A cire shi, a rarake kowane ramin sukuru a cike da ifoksi, inda cikin daɓen ya jiƙa a yanke a sake, a shimfiɗa faiba falle biyu, a bi da farin fenti mai yashi-yashi don kada a zame. Kuɗinsa bai kai rabin na sabon katako ba, ɗakin ciki zai fi sanyi, kuma da azahar ɗin Yuli yaro zai iya taka shi ba takalmi. Ranar ɗagawa ka zo da tocila da alli, duk inda guduma ta yi ƙarar kwali ka zagaye shi ka ɗauki hoto kafin a mayar da jirgin ruwa.