Tsohon soson matatar ruwa (filta) a sabon tankin kifi: nawa za a ɗiba, yaushe za a zuba kifi?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da sabon tankin kifi mai cin lita 60, na ruwan daɗi, da matata mai rataye a baya da hita. Akwai kuma wani tsohon tanki mai lita 120 da ya haura shekara yana aiki, da ƙananan kifi 12 a ciki, duk lafiya lau. An ce idan na ɗebi kayan cikin tsohuwar matatar na sa a sabuwa, ba sai na jira makonni ba. Shin soso zan ɗauka ko zobban tangaran? Nawa zan ɗiba ba tare da na cutar da tsohon tankin ba? Ko ruwan tsohon kawai zan kwaso ya wadatar? Kuma yaushe zan iya zuba kifi?

Mai_Matata

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Batun ruwa dai a cire shi tun yanzu. Bakteriyar da kake nema ba a cikin ruwa take yawo ba, manne take a jikin abubuwa: soso, zobban tangaran, tsakuwa, bangon matata. Ko da ka juye rabin ruwan tsohon tanki cikin sabo, abin da ka kawo shi ne naitiret da datti, bakteriya kuwa 'yar kaɗan ce.

Aikin da ake so ya kankama hawa biyu ne. Kashin kifi da numfashinsu da ragowar abinci suna fitar da amoniya. Wani rukunin ƙwayoyi, irin su Nitrosomonas, yana mayar da ita naitirait, wato NO2, wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu, galibi Nitrospira, shi ke mayar da NO2 zuwa naitiret, NO3, wanda kifi ke iya jurewa har a rage shi da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba su da saurin hayayyafa, suna ɗaukar kusan kwana guda ko fiye kafin su ninka, shi ya sa tankin da ya fara daga babu yake cin mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna. Tsohon soso tamkar dashe ne a maimakon shuka iri.

Soso da zobba duka suna yi. Ka ɗebi kashi ɗaya cikin uku na kayan tsohuwar matatar, kada ka wuce haka, ka cike gurbin da sabon soso. Idan soson guda ne, yanka shi da almakashi. Ka cika sabon tankin tukuna, ka zuba maganin kashe kulorin, ka kunna hita ruwan ya kai digiri 25 zuwa 28, sai a ƙarshe ka ciro soson. Kada ya taɓa ruwan famfo kai tsaye, kada ya bushe. A cikin matatar, tsohon kaya ya kasance inda ruwa ke fara bi, sabon kuma a bayansa, don abin da ya ɓalle daga tsohon ya sauka a kan sabon. Baƙin laka da ke jikin soson ka bar shi. Tankin zai yi duhu na 'yan sa'o'i, matata za ta tsotse shi, kuma a cikin lakar nan ma akwai abin da kake nema.

Tsohon tankin shi ma yana bukatar kulawa: ka rage wa kifinsa abinci zuwa rabi na kwana uku ko huɗu, kada ka wanke tsakuwarsa ko ragowar sosonsa a wannan makon.

Ma'aunin_Ruwa

Bayanin Malam Mai_Matata daidai ne. Inda aka fi yin asarar kifi shi ne tambayarka ta ƙarshe, don haka a nan zan tsaya.

Yawan bakteriya a matata gwargwadon abincin da take samu ne, girman tanki bai shiga lissafin ba. Kifi 12 ne ke ciyar da tsohuwar matatar. Kashi ɗaya cikin uku na kayanta zai ɗauki nauyin kifi uku ko huɗu masu irin wannan girman, watakila ma ƙasa da haka, tunda wani kaso na ƙwayoyin yana cikin tsakuwa da jikin gilashi. Wanda ya sa guntun soso ya zuba kifi 15 rana guda, amoniya za ta hau a kwana na biyu ko na uku.

Hanya biyu ke gabanka. Ta farko, ka sa soson da kifi uku ko huɗu a rana ɗaya, ka ba su abinci kaɗan sau ɗaya a yini, ka auna amoniya da NO2 kullum har kwana 10. Duk ranar da ɗayansu ya kai 0.5 miligiram a lita, canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan. Idan mako guda ya wuce duka biyun suna sifili, ƙara kifi biyu ko uku, ka sake jira.

Ta biyu ita na fi so, domin babu kifin da zai sha wahala: ka ciyar da soson da amoniya ta kwalba. Ana so ruwan ya kai miligiram 2 a lita. A lita 60 miligiram 120 ke nan, wato kusan mililita 1.2 na amoniya mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. Da sirinji za ka auna, ka fara da rabi, ka gwada bayan sa'a guda, sai ka cike. Dole ta zama tsantsa, babu turare babu sabulu. Girgiza kwalbar, idan kumfa ya tashi ya ƙi kwanciya, ajiye ta. Duk lokacin da amoniya ta sauka ƙasa da 0.5 ka mayar da ita 2. Ranar da ka zuba, bayan sa'a 24 ka tarar da amoniya sifili, NO2 sifili, NO3 kuma ya ƙaru, tanki ya nuna. Ka maimaita sau ɗaya don tabbatarwa, ka canza fiye da rabin ruwan, ka zuba kifi a cikin kwana ɗaya ko biyu. Da soso mai kyau, wannan yakan ɗauki 'yan kwanaki zuwa mako biyu.

Abin da ba a yi shi ne a sa soso a tankin da ba kifi ba amoniya, a bar shi makonni "ya zauna". Ƙwayoyin ba sa mutuwa dare ɗaya, amma suna raunana, ka ga an yi ɗibar banza. Kada kuma ka yi zarin zuba amoniya. Kowane miligiram ɗaya nata yana haifar da kusan 2.7 na NO2, saboda haka idan ka kai ta 5 ko fiye, NO2 zai wuce abin da ma'auninka ke iya karantawa, ka rasa inda kake.

Sabon_Shiga

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Hanya ta biyu zan bi. Amma idan an yi mako guda lambobin ba su motsa ba fa? Kuma idan daga nesa za a kawo soson, sa'a nawa zai jure?

Tsohon_Hannu

Kafin amsar, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a ganina ya fi sauri muhimmanci: soso yana zuwa da duk abin da ke cikin tankin da ya fito. Cutar farin ɗigo, ƙwan dodon koɗi, gansakuka mai gashi, duk suna iya biyo shi. Naka tankin ka san halinsa. Idan na wani ne, ka tambaya ko an yi ciwo ko mutuwar kifi ko an kawo sabbi a cikin wata guda da ya wuce, da ko an zuba magani. Amsa ɗaya ta zama e, haƙura da shi. Soson tankin da kifi ke shiga suna fita kullum, kamar na masu sayarwa, shi ya fi haɗari. Na ruwan gishiri kuma ba ya yi wa na ruwan daɗi aiki.

Game da tafiya, iska ce matsalar. Ƙwayoyin nan oksijin suke sha sosai. Sa soson a leda ko roba da ruwan tankinsa kaɗan, daidai yadda zai kasance a jiƙe, ka bar sarari mai yawa na iska a sama, kada ka cika ka ɗaure. Ka kare shi daga rana da tsananin sanyi. Sa'o'i kaɗan ba komai. Idan zai kwana, sa shi a bokiti da dutsen iska, wato ɗan dutsen da famfon iska ke hura kumfa ta cikinsa. Soson da ya iso yana warin ruɓaɓɓen ƙwai ya shaƙe, kada ya shiga tankinka. Haka ma matata rufaffiya da wuta ta ɗauke mata tsawon sa'o'i: zubar da ruwan cikinta kafin ka sake kunnawa.

Idan lambobi sun tsaya, fara da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Aikin ƙwayoyin yana cinye taurin ruwa, KH, kusan miligiram 7 ga kowane miligiram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya. A ruwa mai laushi pH na iya faɗowa, ƙasa da 6.5 aikin ya ja baya, kusa da 6 ya kusan tsayawa. Canjin rabin ruwa yakan gyara, kuma tunda babu kifi, rabin ƙaramin cokali na bekin soda a lita 60 zai ɗaga shi. Sai ka duba ko akwai ziyolait, wani irin tsakuwar tace ruwa, a cikin sabuwar matatar, domin yana tsotse amoniya ya bar ƙwayoyin da yunwa. Fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cikin ruwa, idan kana da ita, a kashe ta a makon farko. Ka tabbatar ruwa yana ratsa soson, ba kewaye shi yake yi ba. Gwajin NO3 kuma yana yin ƙarya idan akwai NO2 a ruwan, don haka kada ka yarda da shi sai NO2 ya koma sifili, kuma ka auna ruwan famfonka shi kaɗai, wani da NO3 ɗinsa yake zuwa.

Mai_Matata

Tunda tankunan biyu a hannunka suke, idan ba ka gaggawa, rataya sabuwar matatar a tsohon tankin ta yi aiki tare da tsohuwar na mako 3 zuwa 4, sannan ka mayar da ita sabon tanki ranar da za ka zuba kifin farko. Ba ka yanka komai ba, sai dai lissafin Ma'aunin_Ruwa yana nan: kifi kaɗan da farko, da gwaji kullum. Tsohon soson kuwa, idan shi ka ɗiba, ka bar shi a sabuwar matatar aƙalla mako 4 kafin ka cire.