Tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa ana tsaka da ɓarkewar cuta: mu tafi ko mu ɗage?

Matafiyiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, musamman ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya. Mun riga mun biya kuɗin tafiya ni da mahaifiyata, kuma lokacin tashi ya matso, sai ga rahotanni iri biyu suna ta fitowa: na farko, cewa wata cutar numfashi mai kama da mura tana yaɗuwa a wasu daga cikin ƙasashen da jirgin zai yada zango; na biyu kuma, cewa an sami ɓarkewar amai da gudawa a wasu jiragen na daban a 'yan watannin nan. Mahaifiyata ta manyanta, tana da ciwon sukari da hawan jini, kodayake tana bin ƙa'idar magungunanta kuma jikinta da ƙwari.

Kamfanin ya aiko da saƙo cewa an ƙara yawan goge-goge da feshi, kuma an ajiye man tsaftace hannu a kowace kusurwa. Ban ce ƙarya suke yi ba, amma mai sayar da tikiti ba shi ne zai ce kada ka zo ba. Shin waɗannan matakai sun wadatar ga mutum irin mahaifiyata? Idan mun yanke shawarar tafiya, me ya kamata mu tanada? Idan kuma mun fasa, akwai hanyar da kuɗinmu ba za su salwanta ba?

Malamar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abu na farko shi ne ki raba cututtukan nan biyu a tunaninki, domin hanyar kamuwa da su ba ɗaya ba ce, kuma abin da ke kare mutum daga ɗaya ba lallai ya kare shi daga ɗayar ba.

Amai da gudawar da ake yawan samu a jiragen ruwa galibi ƙwayar cutar noro ce ke haddasa su. Tana shiga ta baki, daga hannun da ya taɓa makarin matakala, ko madannin lif, ko cokalin ɗibar abinci da mutum ɗari suka riƙa kafin ke. Kaɗan ƙwarai daga cikinta ya isa ya kwantar da mutum, tana iya kwanaki a jikin kaya ba ta mutu ba, kuma alamunta kan bayyana tsakanin awa 12 zuwa 48 bayan kamuwa. Abin da yawancin fasinjoji ba su sani ba shi ne, man tsaftace hannun nan da kamfanin yake alfahari da shi ba ya kashe ta yadda ya kamata. Ruwa da sabulu ne maganinta, a cuɗa hannu na aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida. Ba ta da allurar rigakafi, kuma magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya ba sa taɓa ta. Ga mai ƙarfi, wahalar kwana 1 zuwa 3 ce. Ga dattijuwa mai ciwon sukari kuwa, ƙarewar ruwan jiki ita ce abin tsoro, domin takan rikita sukarin jini ta kuma taɓa ƙoda. Saboda haka kafin ku tashi, ku tambayi likitanta a fili: idan amai ya kama ta, waɗanne magunguna za ta dakatar na ɗan lokaci, waɗanne za ta ci gaba da sha? Ya rubuta muku a takarda. Ku kuma riƙe ƙullin garin gishiri da sukari na haɗa ruwan sha, wanda ake ba mai gudawa.

Cutar numfashi kuma wani babi ne. Ita ta iska take bi, kuma duk yawan gogar da za a yi wa tebura ba za ta hana ta ba idan mutane sun cunkushe a ɗakin kallo ko wurin cin abinci mai rufaffun tagogi. Misalin da duk ma'aikacin lafiya ke tunawa shi ne jirgin Diamond Princess, wanda aka killace a tashar Yokohama ta Japan a watan Fabrairun 2020. Mutum 3,711 ne a cikinsa, fasinjoji da ma'aikata, kuma 712 suka kamu da korona. Kusan rabin waɗanda gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar ba su da wata alama a lokacin da aka gwada su, wato auna zafin jiki a bakin ƙofa ba zai taɓa gano su ba. Waɗanda suka rasu kuwa, kusan dukansu dattawa ne. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba, domin a lokacin babu rigakafi kuma ba a san halin cutar ba. Na kawo shi ne don ki ga cewa shekaru da ciwon da mutum yake ɗauke da shi su ne suka fi yanke hukunci. Idan za ku tafi, Hajiya ta karɓi allurar mura da ta korona aƙalla mako biyu kafin ranar tashi, ta sa takunkumi mai kama fuska sosai a wuraren cunkoso, ku riƙa cin abinci a sararin saman jirgi ko a lokacin da jama'a suka ragu.

Mai Yawon Teku ya amsa:

Da girmamawa ga Malama, ina ganin ana ɗora wa jiragen ruwa laifin da ya fi nasu. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da kanta ta ce ɓarkewar noro a jiragen shaƙatawa kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na waɗanda ake kai rahotonsu. Mafi yawa a gidajen kula da tsofaffi da asibitoci da gidajen abinci suke faruwa. Dalilin da ya sa ake jin labarin jirgi shi ne, doka ta tilasta masa ya ƙirga marasa lafiyarsa ya kai rahoto, alhali babu wanda yake ƙirga waɗanda suka kwana suna amai a otal. Tun 1975 cibiyar take da shirin duba tsaftar jiragen da ke shiga tasoshin Amurka daga ƙetare. Sau biyu a shekara jami'anta suke hawa ba tare da sanarwa ba, su duba ɗakin girki da ruwan sha da wuraren ninƙaya, su ba da maki cikin 100, kuma duk jirgin da ya sami 85 ko ƙasa da haka ya faɗi. Sakamakon yana nan a intanet, haka ma sunan duk jirgin da kashi 3 cikin 100 na fasinjojinsa ko ma'aikatansa suka kamu da ciwon ciki a tafiya ɗaya. Malama Matafiyiya, ki nemi sunan jirginku ki gani da idonki, idan yana cikin waɗanda shirin ya shafa. Ni dai da na ga maki mai kyau, tafiyata zan yi.

Tsohon Ma'aikacin Jirgi ya amsa:

Abin da ɗan'uwa Mai Yawon Teku ya faɗa game da makin tsafta gaskiya ne, sai dai makin yana auna tsaftar tukunya da ruwan famfo ne, ba ya auna abin da fasinja zai shigo da shi a huhunsa daga tashar da aka tsaya jiya. Amma ni ba ma kamuwa da cutar ce ta fi damuna ba. Abin da nake so Malama Matafiyiya ta auna shi ne wannan: daga lokacin da aka janye tsani, ikon sauka ya bar hannunku, ya ma bar hannun kyaftin, ya koma hannun hukumomin ƙasar da kuke son shiga.

A ƙarƙashin dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, kyaftin yana miƙa wa hukumar tasha takardar bayanin lafiyar mutanen da ke cikin jirginsa, kuma a lokacin fargaba ƙasashe kan rufe ƙofa tun kafin su karanta ta. Ku tuna jirgin Westerdam. Ya bar Hong Kong ranar 1 ga Fabrairu 2020, ba a tabbatar da ko mutum ɗaya mai korona a cikinsa ba, amma Japan da Taiwan da Filifin da Guam da Tailan duk suka hana shi tsayawa. Sai da ya yi kusan mako biyu yana gararamba a teku kafin Kambodiya ta karɓe shi a Sihanoukville ranar 13 ga wata. A ɗaya gefen kuma akwai Ruby Princess, wanda ya sauke fasinjoji kusan 2,700 a birnin Sidni na Ostireliya ranar 19 ga Maris na shekarar tun kafin sakamakon gwajin wasu marasa lafiya ya fito. Daga baya aka danganta ɗaruruwan kamuwa da mutuwar mutum 28 da shi. Bayan wannan, wace hukuma ce za ta yi gaggawar buɗe wa jirgi mai masu tari ƙofa?

To, ki zauna ki kwatanta killacewa a ɗakin da kuka kama. Idan na ciki ne, babu taga, balle baranda. Gado biyu ne da ɗan wurin da mutum ɗaya zai wuce, ana ƙwanƙwasa ƙofa a ajiye tire a ƙasa, ba ku san rana ta fito ko ta faɗi ba sai kun duba agogo. A Diamond Princess, masu irin waɗannan ɗakuna sai bi da bi ake fitar da su saman jirgi su sha iska na ɗan lokaci, kuma ƙarancin magani ya kai har wasu fasinjoji suka rataya ƙyalle a baranda suna sanar da cewa maganinsu ya ƙare. Don haka duk mai ciwon da ke buƙatar magani kullum ya ɗauki ƙarin na mako biyu a kan na tafiyar, a cikin jakar hannu, a kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin. Idan Hajiya tana amfani da allurar insulin, kada ku dogara da ɗan firijin ɗaki, domin da yawansu sanyaya lemo kawai suke yi; ku tambayi asibitin jirgi tun kafin tashi yadda za a ajiye muku ita.

Shi kansa asibitin jirgin, yana da likita da ma'aikatan jinya kuma suna iya ƙoƙarinsu, amma gadajensa ƙalilan ne, an gina shi ne don ya riƙe mara lafiya har a kai shi tudu. Kuma ba kyauta ba ne, a kan lissafin ɗakinki ake ɗora kuɗin. Idan ta kai ga ɗauke mutum da jirgin sama daga wata tasha mai nisa zuwa babban asibiti, ana maganar dubban daloli ne masu yawa. Inshorar lafiya ta gida sau da yawa ba ta aiki a teku, ita kuma inshorar tafiya takan cire annoba ko ciwon da mutum yake da shi tun da, sai an nemi a saka su an biya ƙari. Wannan shafin na ƙananan rubutu shi ne ya kamata ki karanta yau da dare.

Matafiyiya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ɗakin da muka kama na ciki ne kuwa, kuma na duba inshorarmu na tarar ba ta ambaci ciwon da aka riga aka sani ba. Malam, game da fasa tafiya, shin jin tsoron cuta kaɗai yana isa a mayar wa mutum da kuɗinsa, ko sai kamfanin ne ya soke da kansa?

Tsohon Ma'aikacin Jirgi ya amsa:

A bisa yadda aka saba, tsoro kaɗai ba ya isa, Malama. Kusan kowane tikiti yana da jadawalin tara: gwargwadon kusantar ranar tashi, gwargwadon abin da za a riƙe daga kuɗinki, har a makonnin ƙarshe a riƙe duka. Idan kamfanin ne ya soke, a nan ne ake mayar da kuɗi ko a ba da takardar yin wata tafiya nan gaba, kamar yadda aka yi ta yi bayan CDC ta hana jiragen shaƙatawa tashi daga Amurka ranar 14 ga Maris 2020. Sauya tashoshin da za a tsaya kuwa, sharuɗɗan tikiti galibi sun ba kamfani damar yin sa ba tare da biyan diyya ba. Saboda haka kada ki fara da cewa kin fasa. Ki nemo ranar da tarar za ta ƙaru zuwa mataki na gaba, sannan ki rubuta musu kafin ranar, tare da takardar likitan Hajiya, kina neman ɗayan biyu: a ɗage muku zuwa wani lokaci, ko a sauya muku zuwa ɗaki mai baranda. A lokacin ɓarkewar cuta kamfanoni sukan sassauta wajen ɗagewa fiye da mayar da tsabar kuɗi. Duk abin da suka amince da shi ta waya, ki nemi su aiko miki da shi a rubuce.

Malamar Jinya ta ƙara da cewa:

Ni a ganina, da ɗaki mara taga da inshorar da ba ta rufe ciwon sukari ba, ga kuma cutar numfashi a tashoshin da za ku tsaya, ɗagewa ta fi dacewa da Hajiya, sai dai idan an gyara waɗannan biyun kuma likitanta ya amince. Idan kuma kun tafi, wani ya ji cikinsa ya juya ko zazzaɓi ya taso, a kira asibitin jirgi ta wayar ɗaki nan take, kada a taka zuwa can ta cikin jama'a. Za a ce ya zauna a ɗaki har kwana ɗaya ko biyu bayan alamun sun ɗauke, kuma wasu fasinjoji kan ɓoye ciwonsu saboda gudun wannan. Ga mai ciwon sukari, jinkirin awanni kaɗan yana iya zama bambanci tsakanin shan ruwan gishiri da sukari a ɗaki da kuma ƙarin ruwa ta jijiya.