Hagu ko dama? Gardamar da gwajin waya ya tayar a zauren gidanmu

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah a ba ni shawara kafin kaina ya tsage. Hassana ta ɗauki wayata ta yi wani gwaji a intanet, mai tambaya ashirin, wai ya ce mata kashi 71 na tunaninta daga ɓarin dama na ƙwaƙwalwa yake fitowa. Wai 'yan dama zane da waƙa da ƙirƙira suka iya, lissafi na 'yan hagu ne. Yanzu ta kafe ba za ta shiga ajin kimiyya ba in sun koma SS1, yarinyar da tun tana firamare take cewa likita za ta zama. Husaina ita hagu ta fito. Ranar Litinin za a mayar da fom.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. To ai gwajin bai yi ƙarya ba. Abin nan ilimi ne tabbatacce, har kyautar Nobel an ba wani Ba'amurke a kansa. Ni ma an yi mana shi a wata bita da ofis ya tura mu, na fito hagu, kuma kowa a gidan nan shaida ne: komai nawa a rubuce, komai da lokacinsa. Ku ƙyale yarinya ta bi inda Allah ya hore mata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Auta: Yaya, yanzun nan ni ma na yi. Karon farko dama 64. Na goge na sake, amsa ɗaya tak na canza, ta "ɗakinka a kimtse yake ko a hargitse", sai ga ni hagu 58. Cikin minti biyar ƙwaƙwalwata ta yi ƙaura 😂

Yaya Babba: Kai dama ba a maganar kirki da kai.

Anti Nas: Yanzu na sauko daga aiki na tarar da wannan. Yaya, maganar Nobel gaskiya ce, amma ba a kan abin da kake nufi aka bayar ba. Roger Sperry ne, a 1981. Mutanen da shi da ɗalibinsa Michael Gazzaniga suka yi nazari a kansu a shekarun 1960 masu farfaɗiya ne mai tsanani, wadda ta ƙi jin magani. Likitocin tiyata suka yanke musu gadar da ta haɗa ɓarin hagu da na dama, don kada farfaɗiyar ta riƙa tsallakawa. Gadar nan jijiyoyi ne wajen miliyan 200. Bayan an yanke sai aka ga abin mamaki: a haska wa mutum hoton cokali ta gefen hagu, inda ɓarin dama ne kaɗai ke gani, a tambaye shi me ya gani, ya ce bai ga komai ba. Amma hannunsa na hagu ya lalubo cokalin a cikin tarkace. Ɓarin da ya gani ba shi ne mai baki ba.

Anti Nas: To Hassana wa ya yanke mata gada? Tata lafiya lau take, saƙo na kai da komo kowane daƙiƙa.

Yaya Babba: Kin ga da bakinki kin tabbatar. Akwai mai baki, akwai marar baki. Ke ba ki tuna ciwon Baffa ba? Hannun dama da ƙafar dama suka shanye, magana ta ɗauke. Ke kika ce mana jinin a hagu ya toshe.

Anti Nas: Na tuna sarai, Allah ya jiƙan Baffa. Kuma wannan ɓangaren ban musa maka ba. Jijiyoyi gicciye suke, hagu na juya daman jiki, dama na juya hagu. A yawancin mutane kuma wurin haɗa kalma a hagu yake. Tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna haka da wani majinyaci da "tan" kawai yake iya furtawa, har sunan ya bi shi. Da ya mutu aka buɗe, aka ga lalacewar a gaban ɓarin hagu.

Amma tuna sauran labarin. Baffa ba ya iya cewa a ba shi ruwa, sai dai ya nuna buta yana hawaye. In aka tada sallah kuwa, Fatiha daga farko har ƙarshe ba gargada. Inna har tana cewa karama ce. Ina ganin irinsa a asibiti, wurin gashin masu shanyewar jiki: wanda ya kasa faɗin sunan matarsa, a ja masa baitin da ya haddace tun yana yaro sai ya ƙarasa. Wanda kuma ciwon ya kama ta dama, kalmominsa suna nan, amma muryar ta zama shimfiɗaɗɗiya, ba ka gane fushi yake ko raha, a yi masa gatse ya ɗauka da gaske. Wani ma rabin kwanon tuwo zai ci, ya bar na hagu kamar babu shi. Ka ga magana ɗaya ma, wadda ake cewa ta hagu ce, sai ɓari biyu sun taru take cika.

Maman 'Yan Biyu: Allah sarki Baffa. Kun sa ni kuka da daren nan.

Kawu: Allah ya gafarta masa, ya kyautata namu zuwan. Ina biye da ku. Ni dai shekara 35 na yi da alli a hannu, kuma ba wanda zai ce mini yara ɗaya suke. Akwai wanda kafin ka gama rubuta lissafi a allo ya ba ka amsa, akwai wanda sai ka zana masa lemo ka yayyanka. Don haka kada ku yi wa babban yayanku taron dangi, akwai abin da ya gani.

Anti Nas: Allah ya ƙara lafiya Kawu. Bambancin yara kam ba gardama. Abin da nake ja shi ne cewa bambancin daga rinjayen ɓari ɗaya yake. An auna wannan. A 2013 masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka suka duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum 1,011, 'yan shekara 7 zuwa 29, suka raba kowace gida-gida sama da 7,000. Sun ga ayyukan da suka karkata hagu, kamar harshe, da waɗanda suka karkata dama, kamar mayar da hankali. Amma ba su samu rukunin mutanen da hagunsu ya fi ƙarfi gaba ɗaya ba, ko damansu. Aiki ke da ɓari, mutum ba shi da shi.

Yaya Babba: Na shiga na duba. Mutanen nan a kwance suke cikin na'ura ba sa yin komai. Ta ya za ki gane gwanin lissafi alhali ba ki ba shi lissafi ba?

Anti Nas: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma haka ne, a kwance suke. Sai dai in an ba mutum lissafin ma a cikin na'urar, gefe biyu ke kamawa, musamman wajen kintatar yawa da girma. Kuma Yaya, in na'urar da ke leƙa cikin kai ba ta gamsar da kai ba, ya aka yi tambayar "ka fi son kare ko kyanwa" ta gamsar da kai?

Auta: Anti ta ci wannan zagayen 🙌

Gwaggo: Auta ne ke rubuta mini. Ku tambayar mini na'urar taku ni ina na faɗa. Shekara 40 ina kan keke. Mace ta shigo, kallo ɗaya na san yadi nawa zai ishe ta, na san inda zan karya atamfa fure ya haɗu da fure a kafaɗa. In na kuskure inci ɗaya na biya kuɗin zanen mutane. Surfanin wuya kuma daga kaina nake fitar da shi. To wanne ne lissafin, wanne ne zanen? Ni a wurina almakashi ɗaya ne.

Kawu: Hajiya kin gama magana.

Yaya Babba: Gwaggo ke ta daban ce. Amma ga wata hujja: Hassana ba bahaguwa ba ce? Ba sai da aka yi ta fama ba kafin ta koma cin tuwo da dama? Hannun hagu, ƙwaƙwalwar dama. Gwajin bai san ta ba amma ya canka.

Maman 'Yan Biyu: Har yanzu da hagun take rubutu, abinci ne kawai da dama.

Anti Nas: Hannun nata ɓarin dama ke juya shi, wannan haka ne. Daga nan kuma maganar ta tsaya. A cikin masu amfani da dama, wajen 95 cikin 100 harshensu a hagu yake. A cikin bahagwai ma kusan 70 cikin 100 a hagun yake. Kuma bahago kusan mutum ɗaya ne cikin goma a duniya, cikinsu akwai likitocin tiyata da injiniyoyi. Hannu bai zaɓar wa kowa aji ba.

Auta: Yaya, kan batun "ya canka". Akwai wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, a 1948 ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, bayan kwanaki ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga sakamakonka kai kaɗai. Ya ce su ba shi maki daga 0 zuwa 5 kan yadda ta dace da su. Matsakaicin makin ya haura 4. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, daga littafin taurari ya tsinto jimlolin. Irin su kana son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke. Wa zai ce ba shi ba ne? Dabarar 'yan duba ce, an sa mata rigar boko.

Yaya Babba: A'uzubillahi. Ni kake haɗawa da masu zuwa wurin boka?

Auta: Tuba nake Yaya, gwajin nake nufi ba kai ba 🙏 Amma Anti Maman 'Yan Biyu, wata tambaya: da ta gama, ya ce ta shiga da Facebook ɗinki kafin ya nuna sakamako?

Maman 'Yan Biyu: Ta ce ya nemi lambar waya da imel. Ta saka nawa.

Auta: To nan kasuwar take. Su ba ƙwaƙwalwar Hassana ce ta dame su ba. Ku tuna kamfanin Cambridge Analytica da asirinsu ya tonu a 2018: gwajin hali ne a Facebook, mutum wajen 270,000 suka yi, ta kansu aka kwashi bayanan har mutum miliyan 87, saboda ya haɗa da abokansu. A 2019 wata hukumar gwamnatin Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Ban ce wannan ma haka yake ba, amma ki sa ido kan saƙonnin da za su fara shigo miki, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambar da aka turo, ki kashe.

Baban Kanti: Cambridge Analytica ɗin nan ba shi ne jaridun Ingila suka ce ya tsoma hannu a zaɓenmu na 2015 ba? Ai ni tun lokacin na ce...

Kawu: Alhaji, ban da siyasa a zauren nan. Mun yi wannan yarjejeniyar.

Baban Kanti: Na janye Kawu. Ni dai a Kwari ban taɓa tambayar yaron shago hagu ne ko dama ba. In ya iya ba da canji kuma ya iya lallashin mai saye, shi ke nan.

Yaya Babba: To naji. A ce sunan ne ba daidai ba, babu hagu babu dama. Amma tambayoyin ai halinta suka tambaya, ita kuma ta amsa da gaskiya. In yarinya ta ce ta fi son zane a kan lissafi, sai mu toshe kunne don an kira abin da sunan da Nas ba ta so? Ni tsorona kada a tura ta kimiyya don a ce gidanmu an yi likita, ta je ta yi ta faɗuwa JAMB shekara uku.

Anti Nas: A nan muna tare Yaya. In ba ta so, ko ni ba zan goyi bayan tilas ba. Bambancin shi ne "ba na so" da "ba zan iya ba, haka aka halicce ni". Na farkon nata ne, tana iya canzawa gobe. Na biyun waya ce ta faɗa mata, kuma ƙofa yake rufewa. Likitanci a JAMB Ingilishi ne da Physics da Chemistry da Biology. In ta bar su a SS1, dawowa sai an sha wuya. Lissafin da take gudu kuma yana jiran ta a WAEC ko wane aji ta shiga.

Kawu: Kuma kada ku ga laifin yarinya. Mu malamai mun fi kowa yaɗa wannan. Na zauna a bita an raba mu hagu da dama, muka tafa, aka ba mu kuɗin mota.

Anti Nas: Ba ku kaɗai ba Kawu. A 2012 an tambayi malaman makaranta a Ingila da Holan, kusan tara cikin goma suka ce gaskiya ne.

Kawu: To ka ji. Ni abin da na sani, na sha ganin yaro an ce masa "kai ba kan lissafi gare ka ba" a aji uku, ya riƙe maganar har ya yi furfura. Maman 'Yan Biyu, bar waya. Ɗauko mini sakamakonta na JSS3. Nawa ta ci?

Maman 'Yan Biyu: Ga shi na ɗauko. Lissafi 78, kimiyya 81. Husaina mai hagun 66 ta ci a lissafi.

Auta: 😂😂😂

Yaya Babba: Maki ba shi ne so ba.

Kawu: Ba shi ba ne, shi ya sa ban ce a cike fom ba tukuna. Su waye ƙawayenta, kuma wane aji za su?

Maman 'Yan Biyu: Kawu kamar kana gidan. Su uku ne, biyu adabi za su. Kuma tun hutu take cewa malamin Physics ɗin makarantar duka yake yi.

Kawu: Ki turo mini ita gobe bayan la'asar, ita kaɗai, ban da Husaina. Kada ki ce mata komai, ki ce goro za ta kawo mini.

Yaya Babba: In ta ce adabin take so fa, Kawu?

Kawu: Sai ta faɗa mini da bakinta, in ji dalili.

Auta: Sanarwa: Husaina ta sake yi a wayata yanzu. Dama 69.

Gwaggo: Auta rubuta. Waɗanda ba su kawo kuɗin ankon bikin Sallah ba su huɗu ne, na hagu da na dama duk ina jira kafin Juma'a.