Ban taɓa hawa doki ba, ina so in yi kilisa ta cikin gonaki da ranin nan, ta ina zan fara?

Ɗan Kurna:

Salam jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar dawaki a taimaka min da shawara. Ni dai shekarata 34, haifaffen Kano ne, duk sallah ina bakin titi ina kallon hawan daushe amma wallahi ban taɓa sa ƙafata a likkafa ba, iyakacina dokin kara da muka yi muna yara. To satin da ya wuce na raka wani abokina ɗaurin aure ta wajen Minjibir, muna dawowa da yamma sai na hango wasu mutum uku a kan dawaki suna tafe a hankali ta cikin gonaki, an gama girbi fili ya buɗe fetal ba komai sai gawo da kuka jefi-jefi ga hazo ya ɗan sauko, abin nan ya tsaya min a rai har yau.

Ni ba sukuwa nake so ba kuma ba irin ta yaran nan masu tare titi ranar biki ba, so nake in samu wanda ya san doki ya san hanya ya raka ni mu zaga ta bayan gari ko awa ɗaya ce mu dawo. Ina ake samun irin wannan? Wane irin doki zan ce a ba ni? Ina da ɗan jiki, kilo 88 nake, zai iya ɗauka ta? Sannan shiga gonar mutane da doki tunda ba shuka yanzu akwai laifi? Kar a yi min dariya dan Allah, tsoro ma ina ji sosai.

Tsohon Mahayi:

Wa'alaikumussalam ɗana. Ba mai yi maka dariya, wanda yake jin tsoron doki ya fi daɗewa a kansa. Na fi shekara 40 ina ɗaure doki a gida, bari in faɗa maka abin da yaran haya ba za su faɗa maka ba.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne zaɓen doki da ido. Za ka je barga ka ga ingarma akawal, wato baƙi, yana sheƙi yana haniniya yana haƙar ƙasa ka ce shi kake so saboda hoto. Wannan dokin sallah ne, an hore shi ne don ya yi rawa da tabarya, wato miƙewa a kan ƙafafun baya, a gaban jama'a, kuma ka san da me ake sa shi rawar? Da matse shi da ƙafa a kuma ja linzami lokaci guda. To me mai tsoro yake yi in ya hau? Matse ƙafa da jan linzami. Ka ga kenan kai kana roƙonsa ya tsaya shi kuma ji yake kana cewa tashi, sai ya miƙe da ƙafar gaba, kai kuma ka ƙara rataya a linzamin, a nan ne doki yake kifowa ta baya ya danne mutum. Saboda haka ka ce a ba ka tsohon doki mai sanyi wanda yara ke kai shi shan ruwa, ko da kuwa muninsa ya kai ina. In an samu dandaƙaƙƙe ya fi. Mu nan birni ingarmu muke ɗaurewa, goɗiya sai ƙauye, kuma kai ƙauyen za ka shiga, ranar da ingarma ya jiyo ƙanshin goɗiya a bayan wani shinge mantawa yake akwai mutum a bayansa.

Linzaminmu na Hausa kaifi gare shi, akwai harshen ƙarfe a cikin baki da zobe da ya zagayo haɓa, da yatsa biyu ma doki yana jin ka. Hannu ɗaya ake riƙewa, a ƙasa kusa da gaban sirdi, in za ka dama ka kwantar da igiyar a wuyansa zuwa dama, in tsayawa ce ka zauna sosai ka ɗan ja ka saki. Ka ja ka saki, ba ka ja ka riƙe ba. Ranar farko ma ni ba zan bar maka shi kai kaɗai ba, jagoran ya riƙe ragama da doguwar igiya yana gaba kana biye har sai ƙugunka ya koyi tafiyar.

Sirdi kuwa ka nemi na Hausa, gabansa da kwacciyarsa suna da tudu suna tare ka gaba da baya. Sirdin polo shafal yake, na waɗanda suka iya ne. Ka tsaya a ɗaura a gabanka, ka ga an sa zubuka, wato shimfiɗar sirdi, a ƙasa, ka duba bayan dokin ba gyambo, don doki mai ciwon baya tutsu zai yi maka ba don mugunta ba. Majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, sau biyu ake duba shi, da yawansu kumbura ciki suke yi lokacin ɗauri, in an ɗan taka sai su saki sirdi ya yi lako-lako. Ta hagu ake hawa. Kar ka zo masa ta baya shiru, ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa, harbi zai yi kafin ya tambaya waye. Ƙafa kuma gabanta kawai za ka sa a likkafa dunduniya ta yi ƙasa, kar ka zura ta duka.

Kilo 88 ba matsala ga cikakken doki in tafiya ce kawai, amma kar a haɗa ka da kuru, wato gajeren doki. Abin da masana ke cewa kar kaya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin, har da sirdi, kuma sirdinmu ba shi da sauƙi.

Inda za ka samu, ba sai ka nemi wani kamfani ba. Kusan duk unguwa a cikin gari akwai mai barga, ka je da yamma lokacin da ake ba su harawa ka zauna ka yi gaisuwa, kwana biyu uku za ka gane waye mai hankali a cikinsu waye ɗan ƙwalisa. Ka nemi dattijo ko magidanci, ba yaron da aka ba wa kiwo ba. Kai da kake Kurna ma ga Fanisau nan kusa da kai ta Ungogo, inda Sarkin Kano ya saba hawa zuwa da babbar sallah, yankin nan ya san kofato tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ku yi ciniki a ƙare kafin ka hau, kuma ka guji satin sallah, kuɗin haya tashi yake dawakan kuma a gajiye suke.

Manomin Gezawa:

Baba ya gama magana a kan doki, ni ta gona zan yi tunda mu ake takawa. Malam Ɗan Kurna wannan filin da ka gani fetal daga kan titi ba fili ba ne, kowane taku da mai shi. Ba ma hana mutum wucewa da rani amma akwai abin da idon ɗan birni ba ya gani. Wake yana kaiwa ƙarshen shekara a wasu gonakin ba a gama roro ba, rogo kuwa duk rani yana ƙasa shi yasa za ka ga an kewaye shi da ƙaya, ga harawa da muke ɗorawa a kan bishiya da karan da aka tara, doki in ya kai baki ya ja dami ɗaya kuɗi ne ya ci, harawa da rani ba abin wasa ba ce. In kuka gangara wajen dam ɗin Wasai kuwa noman rani ne, tumatir da albasa da latas, kofato huɗu a cikin fangali ɗaya ya gama da shi, ranar za ka ji bakin da ba ka taɓa ji ba.

Sannan don lafiyarka ma. Kunya da rani tauri take kamar bulo, doki in yana tsallaka ta a gicciye tuntuɓe yake, ga tushiyar dawa da aka sare a karkace tsini gare ta kamar mashi, ka faɗo a kanta Allah ya kiyaye. Ga ramin gafiya da na kurege da ciyawa ta rufe, ga tsofaffin rijiyoyin fadama da ba a yi musu baki ba. Shi yasa nake cewa ku bi burtali da hanyar ƙafa da ke tsakanin gonaki, ƙasar a kwance take rairayi ne, dokin ma ya fi jin daɗinta.

Wani abu kuma, daga watan huɗu an fara sharar gona ana kai taki, zuwa watan biyar wasunmu sun yi binne, wato an zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwan farko. Kai za ka ga gona ƙaƙas ka ce ba komai, alhali geron mutum na ciki. Don haka lokacinku daga ƙarshen watan sha biyu ne zuwa watan uku. In kun tarar da Fulani sun sauka da shanu a gona ku ba su tazara, yawanci da yardar mai gonar suka zauna don taki, kuma karnukansu ba su san kilisa ba. In za ku ratsa gari ku yi sallama, ku sassauta saboda yara, in da hali jagoranka ya leƙa wajen mai unguwa tun farko. Yanzu zamani ya canja, baƙin fuska a bayan gari ba a rasa mai tambayar su waye.

Na Sha Ƙasa:

Hhhh Baba kamar kana wurin ranar da abin ya same ni. Bara ne, na karɓi doki haya wajen wani yaro, fita lafiya lau har ina cewa ashe abin ba wuya, na ciro waya ina ɗaukar bidiyo in sa a status, kawai iska ta taso da wata baƙar leda ta gifta gabansa, kafin in ce me ya yi tsalle gefe guda ni kuma na yi ɗaya gefen, cikin ƙarangiya na sauka. Silifas ne a ƙafata shi ya cece ni ma don ya fice, da ƙafar ta maƙale ja na zai yi. Dokin ko waiwaye bai yi ba sai gida, na tako a ƙasa kusan awa guda ina cire ƙarangiya a wando, gilashin waya ya tafi.

Abin da zan ƙara, ka sa takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya wanda ba zai zurme cikin likkafa ba, wando mai kauri, ba babbar riga ba jallabiya mai kaɗawa. Hular kwano ta hawa ka nema wajen 'yan polo ko aro ne, za a ce ka cika tsoro, ka bar su su ce. Ka rufe hanci saboda ƙura in hunturu ne, ka riƙe ruwa. Kuma awa ɗayan nan da kake cewa ta yi yawa a ranar farko, yi minti 30, washegari cinyoyinka za su yi maka bayani, ni kwana uku ina sallah da ƙyar. In kana da kuɗi kuma kana son koyo a tsare akwai wuraren polo irin Fifth Chukker ta hanyar Kaduna zuwa Jos, amma can wani aji ne daban, ba lallai sai shi ba.

Ɗan Kurna:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar binne wallahi ban taɓa sani ba, da na tafka abin kunya. Baba tambaya ɗaya ta rage, in duk da haka ya kwasa da gudu da ni fa, me zan yi? Kuma safe ya fi ko yamma?

Tsohon Mahayi:

Safe ya fi ɗana, da gari ya waye sosai zuwa ƙarfe tara ko goma, kafin rana ta yi zafi. Yamma bayan la'asar ma ana yi amma magariba saurin rufawa take a bayan gari kuma lokacin ne doki ya san an kusa ba shi abinci hankalinsa na turke. Abin da ya sami Na Sha Ƙasa ka lura, gida dokin ya nufa. Kusan duk kwasar da doki ke yi da sabon shiga a hanyar dawowa ce, don haka da kun juyo jagora ya shiga gabanka, kar ka yarda ko sassarfa a yi, taku kawai har ƙofar barga.

In ya kwasa kar ka yi ihu kar ka kwanta a wuyansa, kuma kar ka ce za ka diro. Ka koma baya ka zauna cikin sirdi, hannu ɗaya ya kama gaban sirdin, ɗayan ya ja ya saki ya ja ya saki, in akwai fili ka karkato kansa gefe guda ya yi ta kewaya har ya rage da kansa. In kun dawo yana gumi kar ka bari a tura masa gero nan take, a sassauta majayi a ɗan zaga da shi ya huce tukun, doki ba ya amai, ciwon ciki kuwa yana kashe shi. Ka tafi da ɗan ƙunshin dusa ko kanwa ka ba mai bargar, ya fi jin daɗinsa a kan ka ƙara masa ɗari biyar. In ka je ka dawo ka zo ka faɗa mana wane launi aka ba ka.