Sababbin tayoyin tsere: yaya kuke fara shiga fili da su?

Ɗan Texas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi tayoyin Hoosier R7 guda huɗu don motata Mazda Miata, kuma wannan ne karon farko da zan bar tayar titi na koma ta tsere zalla. Wasu sun ce na ɗaura kawai na taka, wasu sun ce sai an fara zafafa su an ajiye. Waɗanda suka riga ni, me kuka gani da idonku?

Baban Ilham (Birmingham):
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka taka su da ƙarfi ranar farko. Robar irin wannan taya ba ta gama zama ba lokacin da ta fito daga masana'anta, zafin farko ne ke ƙarasa ta. Idan ka ɗumama ta a hankali sannan ka bar ta ta huce, ƙwayoyin robar da suka tsinke suna sake haɗuwa da ƙarfi, sai riƙonta ya daɗe bai canza ba. Su kansu Hoosier abin da suke cewa shi ne minti 10 zuwa 15, kowane zagaye ya ɗan fi na baya gudu, na ƙarshe ne kawai za ka matsa, ban da jan taya, ban da birkin da zai kulle wili. Daga nan a bar su aƙalla awa 24.

Ni a filin tsere na Donington Park nake yi. Zangon farko na safe na ba sababbin, na cire su na mayar da tsofaffi na ƙarasa wunin. Saitin da na yi wa haka ya raka ni har ƙarshen kakar tsere. Wani abokina da muka saya tare ya ci wuni guda da nasa tun daga safe, ranar kam ya fi ni gudu, amma kafin wata ya zagayo motarsa ta fara zamewa a kwanar da da take riƙewa.

Mai Civic:
Yallaɓai, da girmamawa, wannan na masu R7 ne. Mu 'yan tseren kewaye mazuraran roba na SCCA, ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, a ajin motocin titi doka ta ce lambar jure lalacewa ta taya kada ta gaza 200, shi ya sa kowa na kan tayar RE-71RS ko A052. Zagayenmu bai fi minti ɗaya ba, ina za ka samu minti 15? Ni dai ina hawa babbar hanya da su na ɗan yi tafiya, santsin nan na masana'anta ya goge, su kwana, shi ke nan. Ban taɓa ganin bambancin da zai sa na wahalar da kaina ba.

Baban Ilham (Birmingham):
Gaskiyarka, amma shi R7 ya saya. Tunda yana Amurka ma, kamfanin sayar da taya na Tire Rack suna zafafa taya da inji kafin su aiko, sai dai nasa sun riga sun iso.

Injiniya Dubai:
Ni iskar cikin taya ce ta fi damuna. A filin Dubai Autodrome kwalta tana ƙuna, abin da ka sa da safe ba shi za ka tarar da azahar ba. Kusan kowane ƙarin digiri 5 zuwa 6 na zafi a ma'aunin Celsius yana ɗaga iska da psi 1 (ma'aunin ƙarfin iskar taya), kuma a cikin gudu na saba ganin ta hau da 6 ko fiye. Saboda haka lambar da za ka bi ita ce ta lokacin da taya ke da zafi. Da ka shigo, kafin ka cire hular kwano, wani ya sa geji. Idan kana da ma'aunin zafi mai allura, auna wuri uku: ciki, tsakiya, waje. Tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Gefuna biyu sun fi zafi, ta yi kaɗan. Waje kaɗai ne ke ƙuna, to ba laifin iska ba ne, kwanciyar wili ce ke son gyara.

Maman Sadiq (Toronto):
Ɗan'uwa, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar. 1224 na nufin mako na 12 a 2024. Sabuwa a shago ba lallai sabuwa ce a shekaru ba. Sannan ka gaya wa mai ɗaurawa ya rage man da suke shafa wa bakin taya, ka kuma ja layi da alli daga bawul zuwa jikin tayar. Na taɓa dawowa na tarar layin ya goce, tayar ta juya a kan rim saboda ƙarfin birki, sitiyari sai rawa yake. Dalmar balansi ma a rufe ta da tef na alminiyam, zafin birki yana narkar da gam ɗinta. Mu nan da hunturu cikin gida muke kwana da tayoyinmu, cikin baƙar leda, don irin wannan roba tana tsagewa idan sanyi ya yi ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius.

Ɗan Texas:
Allah ya saka da alheri. Asabar zan zafafa su, su kwana, Lahadi na fita. Sai dai an ce za a yi ruwa ranar Lahadin.

Maman Sadiq (Toronto):
To ka tafi da tayoyinka na titi. R7 layi biyu ne kawai a jikinta, ba ta da hanyar korar ruwa.